Kewayen Sawun Giwa

Dogo Tebo, Potiskum
Lahadi, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Addata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma aikin asibiti a can Jidda yana tafiya daidai. An yi Sallah lafiya? Mu nan kowa ƙalau, sai dai zafi. Matata Munawwara tana gaishe ki, ta ce ta ga mayafin, ta gode.

Za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna. Tun da idon Baba ya fara janyewa kunnensa ya ƙara kaifi. Ranar da kika kira, har wajen rijiya na je ina magana ƙasa-ƙasa, amma da na dawo sai ya tambaye ni me ya sa na ce miki "sai a hankali". Don haka zan riƙa rubutawa, in ɗauki hoton takardar da waya in turo miki.

Ranar Alhamis mun koma wurin likitan ido a Azare. Idon dama ya tafi, wannan kin sani. Na hagun kuwa, abin da ya rage masa kamar mutum ne ya leƙa ta cikin bututu: yana ganin abin da ke gabansa tsaf, gefe da gefe kuma babu. Likita ya ce ba zai yi alƙawarin ganin zai kai damina ba. Na rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, don shekara goma sha biyun da na yi ina aikin jarida ba ta bar ni da wata ɗabi'a da ta fi wannan ba. Ke kin fi ni sanin hawan jinin ido. Abin da ya ci ba ya dawowa.

Muna hanyar dawowa, har mun kusa gida. Sai kawai Baba ya ce shekara ashirin da biyu ya yi yana kora shanu da ƙafa daga nan zuwa kudu, kafin a fara loda su a tirela. Ya ga kura ba adadi, ya ga ɓauna, ya ga zaki sau biyu. Ya taka kashin giwa da ɗuminsa, ya ga itatuwan da ta karya, amma bai taɓa sa ta a ido ba. Ya faɗi wannan kamar mai ba da labarin tsadar dusa, sannan ya nemi goro. Adda, kin san mahaifinmu. Alhaji Jalo ba ya roƙon kowa komai. Wannan maganar ita ce roƙonsa.

Na yi waya da mutanen wani gandun namun daji a ƙasar Bauchi. Sun haɗa ni da jagora, Malam Mahdi. Ya ce a wannan bazarar yawancin ruwan dajin ya ƙafe, saura wani tafki da garken giwaye ke zuwa sha gab da asuba. Idan muka kwana a tanti kusa da wurin, muka shiga maɓoya kafin gari ya waye, da yardar Allah za mu gan su. Na zaɓi Asabar mai zuwa, goma sha huɗu ga watan Musulunci, saboda farin wata zai taimaki idon Baba. Sharuɗɗan Malam Mahdi kaɗan ne: mutane kada su yi yawa, babu hayaniya, babu turare, babu wuta bayan magariba.

Baba ya yarda, amma ya ce ƙafarsa ƙafar Baffa Saleh da Alhaji Modu. Nan kaina ya fara ciwo. Baffa Saleh duk tafiyar da yayansa ya yi da shanu yana bayansa, kuma har yau bai yarda an haifi wanda ya fi shi sanin daji ba. Alhaji Modu dillali kuwa, shekara arba'in ke nan suna zaune da Baba a rumfa ɗaya a kasuwar shanu suna tsokanar juna irin ta Bafillace da Babarbare. Ya riga ya shelanta wa kasuwa cewa shi ba giwa za shi gani ba, za shi ne ya ga Bafillace ya yar da sanda ya ruga.

Na gwada nuna wa Baba cewa mu biyu mun isa. Ya ce ba a shiga daji mutum biyu, ɗaya makaho ɗaya ɗan boko.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida yara ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaninki,
Abdulbaƙi


Dogo Tebo, Potiskum
Juma'a, 11 ga Afrilu

Adda Murjanatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kin wuni lafiya, kuma murar da kika ce tana damun ƙaramarku ta yi sauƙi. Na ga saƙonki, kuma na sa maganin ɗigawar a aljihun rigata yadda kika ce, ba a jaka ba.

Gobe bayan sallar asuba za mu tashi. Yanzu na gama faɗan kaya. Baffa Saleh ya iso daga unguwar Hausari a Keke mai ƙafa uku da adda biyu, da gatari, da dangwali, igiyar nan ta ɗaure maruƙa, sai ka ce rugga za mu kafa. Alhaji Modu ya zo da rediyo, da kwalbar turare, da rago mai rai. Ya ce an gaya masa naman can na kallo ne, ba na ci ba, shi kuwa bai taɓa ƙoshi da kallo ba. Sai da na yi kusan awa ɗaya ina bayanin abin da kukan rago zai jawo mana cikin dare kafin ya yarda a yanka shi yau. Munawwara tana suya har yanzu, kuma ba ta yi mini magana.

Na zaunar da su na karanta musu sharuɗɗan Malam Mahdi sau biyu. Da na zo kan maganar wuta, Baffa ya tambaye ni wane ne Mahdin nan, ɗan gidan waye, kuma ya taɓa kwana a daji da shanu ɗari uku? Na ce ban sani ba. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ba ta kwanta mini ba. Baba dai yana gefe yana goge tabarau da bakin riga.

Abu ɗaya ya faranta mini rai. Jiya da sassafe na fita da shi bayan gari, na sa aka tsayar da farin bijimi, muka riƙa ja da baya ina ƙirga taku. Har taku talatin da biyar yana gane shi, har ya ce ƙahon hagu ya fi lanƙwasa. Malam Mahdi ya ce daga maɓoya zuwa bakin ruwa taku sittin ne, amma giwa ba bijimi ba ce. Na yi lissafin, kuma ya fita. Abin da nake buƙata kawai shi ne dattawa uku su yi shiru na dare ɗaya.

Sai na dawo. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Abdulbaƙi


Dogo Tebo, Potiskum
Litinin, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Adda Murjanatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mun dawo jiya bayan la'asar, kowa da ƙafarsa, alhamdu lillahi. Ki yi haƙuri da rashin ɗaga wayarki. Ban amince da bakina ba ne.

Ba mu ga giwa ba. Zan ba ki labarin a jere, don idan na fara da abin da ke raina takardar ba za ta karantu ba.

Mun bi ta Kari da Darazo, muka isa gandun da azahar. Malam Mahdi siriri ne, mai ƙarancin magana, shekararsa goma sha tara a dajin. Tun a ƙofa ya karɓe addunan da gatarin da turaren cikin ladabi. Dangwalin ne kawai ya tsira, don Baffa ya yi ɗamara da shi. Da la'asar aka zagaya da mu a buɗaɗɗiyar motar gandun. Mun ga gwanki, da mugun dawa, da birai masu yawa, da garken ɓauna wajen arba'in. Alhaji Modu nan take ya fara yi musu kuɗi ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, Baffa kuma yana cewa ramammu ne, ba su da makiyayi. Ni kuwa ina bayan Baba, na riƙe kansa da hannu biyu ina juya shi wajen dabba. Sau da yawa kafin ya lalubo ta a cikin ɗan bututun nan nasa ta shige. Amma wata ɓauna ta tsaya tana tuƙa, ya same ta, ya daɗe yana kallo, ya ce ta fi yadda ya tuna baƙi. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata gobe sai giwa.

Zangon yana kan wani tudu, tafkin yana ƙasa. Malam Mahdi ya kafa mana tanti uku manne da juna a gefen mota. Baffa ya zagaya wurin sau biyu yana tambayar ina shinge. Da aka ce babu, sai ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kwana a daji babu ƙaya a kewaye da hayaƙi a tsakiya ba, kuma wanda ya yi haka abincin kura ne. Malam Mahdi ya yi masa bayani a hankali cewa yau so muke dabbobi su zo, ba korarsu muke yi ba. Baffa ya dube shi kamar ya ce masa a yi alwala da fura.

Mun ci abinci, mun yi magariba da isha'i a haɗe, aka kashe wuta. Na cire batirin rediyon na sa a aljihu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Malam Mahdi ya ɗauki bindigarsa ya gangara wani dandamali da suka yi a kan bishiya kusa da ruwa, don ya saurari ta inda garken zai ɓullo, ya bar direba da mu. Alhaji Modu ya fara minshari kamar tirela tana hawan tudu. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, ga shi ƙarfe huɗu zan tashi in ja Baba zuwa maɓoya, don haka na ja ɗan tantina na koma gindin wata aduwa, kamar taku talatin daga nasu. Nan barci ya ɗauke ni.

Wajen ƙarfe biyu hayaƙi ya tashe ni, da ƙarar ƙarfe. Na fito na ga wuta ta kai ƙugu a tsakiyar zango. An lafta mata ɗanyen ganye da busasshen kashin ɓauna, hayaƙin yana tuƙuƙi fari fat a cikin farin wata. Baffa Saleh yana dukan murfin tukunya da cokali yana kuwwar nan ta makiyaya da ake ji daga wani tudu zuwa wani. Alhaji Modu yana wulwula tocila sama da ƙasa yana salati. Direba ya kulle kansa a mota. Baba yana zaune a bakin tanti a kan buzunsa, hannu a gwiwa, ko motsi.

Malam Mahdi ya iso a guje yana haki. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi kawai giwayen sun zo dab da mu, yanzu sun juya, kuma ba za su sake kusantar tafkin nan ba sai bayan kwana uku ko huɗu.

Adda, na gaya wa Baffa maganganun da ban taɓa gaya wa na gaba da ni ba. Na ce masa yayansa yana da 'yan makonni na gani a duniya, shi kuma ya ƙone su da ɗanyen ganye don ya nuna wa ma'aikacin gandu cewa ya fi shi sani. Na ce shekara da shekaru suna korar giwa daga shanu, yau babu saniya ko ɗaya, amma hannunsa ya kasa zama. Na ƙara wasu da ba zan rubuta ba. Baffa ya ajiye murfin ya zauna. Zaman nan nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Duk da haka da asuba na ja Baba zuwa maɓoya. Awa biyu muna zaune a cikin zana, cinnaku suna cizo. Zabi sun zo, sai mugun dawa guda ɗaya da ya sha ruwa ya tafi abinsa.

Da rana ta ɗaga Malam Mahdi ya kai mu inda sawun yake. Baba ya durƙusa ya sa hannu biyu a cikin ramin sawun, ya rarrafa daga wannan zuwa wancan da sabuwar shaddarsa. Ya ce su tara ne manya, kuma akwai jariri da ke taka cikin sawun uwarsa. Malam Mahdi ya ce taran daidai ne, jaririn kuwa bai san da shi ba. Ya duba, ya same shi. Daga nan Malam Mahdi ya bi sawun shi kaɗai ta wajen zango. Baba ya karɓi dangwalin Baffa ya kewaye sawun da ya fi girma, ya ƙulla a inda bakin igiyar ya haɗu. Da Malam Mahdi ya dawo ya gaya masa idan aka ninka kewayen sawun ƙafar gaba biyu, tsayin giwar ke nan daga ƙasa zuwa kafaɗa. Baba ya sa ya maimaita. Ni ina tsaye a rana ina duba agogo. Mun yi tafiyar awa shida don mu auna rami.

Na roƙi Baba mu ƙara kwana huɗu, zan kira ofis in nemi izini. Ya ce Laraba kasuwa ce. Mutumin da ba ya iya gane saniya a taku arba'in, wai Laraba kasuwa ce.

Ki kira Baba ki gaishe shi, amma kada ki tambaye shi giwa.

Ƙaninki da bai huce ba,
Abdulbaƙi


Dogo Tebo, Potiskum
Asabar, 19 ga Afrilu

Addata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya da iyali. Na karanta faɗan da kika yi mini a kan Baffa. Kin yi gaskiya, kuma abin ya fi yadda kike zato.

Shekaranjiya Alhaji Modu ya zo har ofishina a sakatariya. Ya zauna bai tsokani kowa ba, ko masinja. Ya ce Baba ya sa su rantsuwa kada su gaya mini, amma shi tari ya yi a lokacin, bai rantse ba, kuma ba zai zuba ido yaro yana wuce ƙanin ubansa a hanya kamar bai san shi ba. Ga abin da ya gaya mini.

Baba ne ya tashe su. Iska ta juya, ya ji warin giwaye tun kafin kowa ya ji motsi. Ya ce wari ne da ya sani tun yana saurayi. Abin da ya fara tambaya shi ne ina Abdulbaƙi. Suka ce ga tantinsa can gindin bishiya. Ya ce wace bishiya? Baffa ya leƙa ya ce aduwa. Ya ce mai 'ya'ya? Baffa ya ce da alama. Ni ɗan boko na karanta littafi biyu a kan giwa kafin tafiyar nan, amma ban lura da abin da na shimfiɗa tanti a kai ba. Baba kuwa duk itatuwan da ya ga giwa ta kakkarya a zamanin kiwonsa, yawanci aduwa ce.

Baffa ya ce bari ya lallaɓa ya taso ni. Baba ya ce a'a, sun yi kusa, mutum yana tafiya wajensu cikin dare ya fi hatsari. Ya ce a hura wuta. Alhaji Modu ya ce Baffa ya kama hannun Baba ya ce, "Yaya, ita ce fa ka zo gani. Ga wata kamar rana. Mu yi shiru kaɗan, za ta fito fili ka gan ta." Baba ya ce, "Saleh, hura wutar." Alhaji Modu ya ce shekara arba'in yana neman ranar da zai ga Bafillace yana kuka, da ya gani kuma bai ji daɗi ba, don Baffa yana ƙyasta ashana hawaye yana zuba.

Na kira Malam Mahdi. Ya ce hanyar da garken ya saba bi tana nesa da inda ya kafa mana tanti, shi ya sa ya zaɓi wurin. Daren nan sun ratse ne zuwa aduwar, kuma sawun na gaba ya tsaya taku goma sha takwas daga inda na kwanta. Na tambaye shi me zai faru da ba a hura wutar ba. Ya ce da tantin yana inda ya kafa shi, da sun ci aduwarsu sun gangara ruwa, mu kuma mun sha kallo. Da mutum a gindin bishiyar kuma, ga uwa da jariri, ba zai iya cewa ba. Wataƙila ba abin da zai faru. Kwana biyu ke nan wannan "wataƙila" tana hana ni barci.

Ni na zaɓi ranar, na auna takun, na cire batirin rediyo, na karanta wa dattawa sharuɗɗa sau biyu. Sannan ni na ja tanti saboda minshari.

Jiya bayan Juma'a na je Hausari. Na durƙusa a gaban Baffa na fara magana, ya katse ni ya tambaya ko na ci abinci. Ya sa aka kawo fura, ya zauna yana kallona har na shanye. Iyakar abin da ya ce shi ne murfin tukunyar Munawwara ya lotsa, a ba ta haƙuri.

Na sake yi wa Baba maganar komawa. Malam Mahdi ya ce garken ya dawo tafkin tun Alhamis. Na ce wannan karon ba sai mun kwana a daji ba, za mu kwana a masauki mu fita da asuba. Ya ce ya je. Na ce amma bai gani ba. Ya ce jikinsa bai gama warware gajiyar wancan ba, a bari sai an kwana biyu. Ina ganin tsoro yake ji kada a kai shi gaban giwa ya kasa samunta, don tun da muka dawo na lura yana laluben butar alwala da ƙafa. Ban gaya masa na san abin da ya faru ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Ki yi masa magana ke ma, ko zai ji taki.

Naki,
Abdulbaƙi


Dogo Tebo, Potiskum
Lahadi, 25 ga Mayu

Zuwa ga Adda Murjanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da maigida da yara, da fatan jarrabawar babbar ta zo da sauƙi. Nan an yi ruwan farko ranar Litinin, mutanen ƙauyen Danchuwa har sun fara shuka.

Maganar da kika yi ta cewa idan kin zo hutu a watan gobe za mu koma gandun tare, ki bar ta. Ranar Talata da hantsi, rana tsaf, Baba ya tambayi Munawwara ko hadari ne ya sake haɗowa. Laraba ban bar shi ya je kasuwa ba, na kai shi Azare. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ajiye fitilar. Sau biyar na roƙi Baba mu koma gandun a cikin makonnin nan, na rubuta ranakun. Ke ma kin roƙa. Har yanzu idan na tuna sai in ji kamar in fasa wani abu, kuma ban san wanda zan yi wa fushin ba in ba kaina ba.

Shi kuwa ya fi mu duka natsuwa. Ya ce a daina sa masa maganin ɗigawa, a ba mabuƙata.

Shekaranjiya bayan la'asar Baffa Saleh da Alhaji Modu suna zaure tare da shi. Sai ya ce in ɗauko masa dangwalin nan a ƙarƙashin katifarsa. Ban san ya ajiye shi ba. Ya lalubo ƙullin da ya yi a daji, ya sa Baffa ya kawo wata igiya ya auna tsayin sau biyu yadda Malam Mahdi ya faɗa. Ya ce Baffa ya take bakin igiyar a ƙasa jikin bango, ni kuma in hau kujera in miƙe ta sama. Na hau. Ƙarshenta ya wuce saman ƙofar zaure da fiye da kamu biyu.

Baba ya tashi ya dafa bango. Ya bi igiyar da hannu yana hawa, ya wuce kansa, ya miƙe har ya yi ɗage, bai kai ba. Ya ce a ba shi sandarsa. Ya ɗaga ta a hankali a jikin igiyar har kanta ya taɓa yatsuna. Ya daɗe a haka, fuskarsa a sama.

Can Baba ya ce, "Ashe haka take."

Ya sauke sandar. Sannan ya ce, "Abdulbaƙi, sauko a hankali. Kai dama ba ka iya zaɓen wuri ba." Baffa ya sunkuyar da kai, Alhaji Modu ya kama tari. Ashe ya san na sani, wataƙila tun ranar da na je Hausari.

Kafin in sauko na ce Baffa ya miƙo mini ƙusa da guduma, na kafa a daidai inda yatsuna suke. Jiya da safe na tarar da Baba shi kaɗai a zaure, ya ɗaga sanda yana neman ƙusar. Sau uku yana kuskure, a na huɗu ta yi ƙara. Na koma ciki ban yi motsin da zai ji ba, ko da yake na san ya ji.

Idan kin zo, ki shigo ta zaure ki ɗaga kai.

Munawwara tana gaisuwa, Baffa ma ya ce a gaishe ki. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Abdulbaƙi Jalo